Injin Sharar Maigandi da Irin Albasar Surukinsa

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Wurno ya san Maigandi, ko yana so ko ba ya so. Dillalin albasa ne, yana bin manyan motoci zuwa Kudu sau biyu ko uku a shekara, kuma duk dawowar da zai yi sai ya zo mana da wani sabon ilmi da ba wanda ya tambaye shi. Ya taɓa tsayawa kan mai gyaran babur yana koya masa gyaran babur. Mutumin kirki ne, ban hana shi ba, hannunsa a sake yake. Bakinsa ne kawai ya fi ƙarfinsa. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

A daminar bara ne ya ga wani bidiyo a wayarsa: wani abu kewayayye kamar faifai yana yawo shi kaɗai a cikin ɗaki, yana shiga ƙarƙashin kujera yana fitowa, duk inda ya bi sai wurin ya yi fes. Da yamma ya fito ƙofar gida inda muke zama, ya sanar da mu cewa zamanin tsintsiya ya ƙare, matarsa Rahinatu ta gama sunkuyo a duniya, kuma gidansa ne zai fara nuna wa ƙasar Wurno yadda ake zaman zamani.

Sale mai faci, wanda taubashinsa ne kuma ba ya raga masa, ya ɗago kai daga tayar da yake dubawa ya ce, "Kai da ba ka taɓa riƙa tsintsiya ba, mi tay yi maka?"

Maigandi bai kula shi ba. Amma da zai tafi Sakkwato sayen injin sai ya ɗauki Salen, don yana son a samu wanda zai dawo ya ba da labari. Ya kuwa samu.

Mai shagon, in ji Sale, mutum ne mai gaskiya. Kafin ya sauko da komai ya tambayi Maigandi ɗaki nawa ne da tayil a gidan, ko akwai tabarmi da wayoyi a ƙasa, ko ƙofofin suna da tudu, ko ana yawan shigo da rairayi. Gaskiyar magana falo ɗaya ne tak da tayil a gidan Maigandi, sauran ɗakunan siminti ne, tsakar gida kuwa daɓen ƙasa. Amma yadda ya amsa tambayoyin sai ka ce otal yake da shi a Abuja. Mai shago ya nuna masa wani ɗan ƙarami marar rigima ya ce wannan zai ishe shi. Maigandi ya tambaya wanne ne ya fi kowanne girma, wanne ne kuma yake magana. Da aka nuna masa wani baƙi mai sheƙi, sai ya ce shi ke nan, an gama zaɓe.

Mai shago ya haɗa masa injin da wayarsa, ya sa masa lokacin da zai riƙa tashi da kansa, ƙarfe biyar na yamma kullum, ya kuma fara bayanin yadda ake kula da shi. Maigandi bai ji ko rabi ba, domin a daidai lokacin shi ma yana yi wa mai shagon bayanin yadda injin yake aiki.

Ranar farko falon ya cika da 'yan kallo. Ya jona mazaunin injin a jikin bango inda wutar solarsa take, ya yi jawabi har wasu suka nemi wurin zama. Da ya danna, injin ya yi wata magana da Turanci, ya fito yana kaɗa ɗan gashin bakinsa a ƙasa. Gaskiya ya burge mu. Ya zagaya falon sau ɗaya cikin natsuwa, sannan ya nufi sallayar Maigandi ya kama gezarta ya ƙi saki. Da ƙyar aka ƙwace. Daga nan ya haɗiye wayar cajin Rahinatu, ya ture kofin shayin wani dattijo, kafin minti goma ya tsaya cak yana ƙorafi. Aka buɗe cikinsa aka tarar ya cika maƙil da rairayi. Ni ban ga laifinsa ba, mutum talatin suka shigo masa da ƙafafunsu daga titi. A ranar Sale ya raɗa masa suna Kunkuru, sunan kuma ya bi shi.

Cikin kwana uku Rahinatu ta gane halin baƙon nata. Idan ana so ya yi aiki lafiya, sai ta riga shi share falon, ta naɗe tabarma, ta ɗage wayoyi, ta kwashe takalma, sannan ta tsaya a kansa kada ya shiga inda ba zai iya fita ba. Da can sau biyu take shara a rana, yanzu ta koma sau uku. Na ji ta ta katanga tana cewa, "Baban Nafisa, dauri in na yi shara hutawa ni kai. Yanzu sai na share mishi hanya, in yi gadinai, in wanke mishi ciki. Wai ni da shi wa ka yi ma wani aiki?"

Maigandi ya ce matsalar ba ta injin ba ce, waɗanda suka ƙera shi ne ba su san rairayin Wurno ba, shi kuwa ya sani. Ya kifa Kunkuru a kan cinya ya buɗe shi, ya ga wani ɗan farin abu mai ninki-ninki da ƙura ta toshe. Matatar ƙura ce, ita ke tare datti a ciki ta bar iska ta wuce. Maigandi ya yanke hukunci cewa ita ce mai shaƙe shi, ya cire ta ya jefa a aljihu. Daga ranar kuwa injin bai sake ƙorafi ba, don duk abin da ya zuƙa ta gaba sai ya feso shi ta baya. Ba wanda ya lura, tunda falon da Rahinatu ta riga ta share yake bi.

Wannan nasara ta ƙara masa ƙarfin gwiwa. Abin da ya rage yana damunsa shi ne Kunkuru ba ya fita waje. Da ya zo bakin ƙofar falo ya ga tudu sai ya juya. To mene ne amfanin abin da mutanen titi ba za su gani ba? Ya sayo siminti ya kwaɓa da hannunsa, ya yi masa gangara daga falo zuwa tsakar gida, ya yi wata daga zaure zuwa waje. Ya ce a bar ƙofar falo a rufe har simintin ya bushe, ranar Juma'a bayan la'asar kowa ya zo ya ga injin da zai share gida tun daga ɗaka har titi.

Ranar Alhamis, gab da magariba, sai ga surukinsa.

Baba Almustapha, da kowa ke kira Baba Almu, manomin albasa ne daga Giyawa, tsoho siriri marar yawan magana. Shekara tara da ya ba Maigandi 'yarsa, bai taɓa gaya masa baƙar magana ba, amma kuma bai taɓa damƙa masa ko igiyar akuya ba. In yana da saƙo a Wurno sai ya ba wani. Wannan abu yana ci wa Maigandi rai ƙwarai, duk da bai taɓa faɗa ba, kuma shi kaɗai ne abin da na san bai taɓa faɗa ba.

Tsohon ya sauka daga babur rungume da wata 'yar jaka kamar mai rungume da jinjiri. Irin albasa ne a ciki, baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana, bai fi mudu ɗaya ba. Iri ne da ya gada daga mahaifinsa, na jar albasa mai daɗewa a ajiye ba ta ruɓe ba, kuma tun da ambaliya ta cinye masa gona shekara biyu da suka wuce, abin da ya rage masa ke nan a duniya. Ga shi ɗakinsa ya yi yoyo, irin ya sha danshi ana saura 'yan kwanaki a zuba shi. Yana bukatar a baza shi a inuwa a kan busasshen daɓe na kwana ɗaya. Garin Rabah ya nufa wurin ƙanensa mai shago da daɓen siminti, ya biyo ne kawai ya ga 'yarsa ya sha ruwa.

Maigandi ya ga dama ta samu. Ya durƙusa ya ce ina Baba zai je Rabah da yamman nan alhali ga falo mai tayil, wanda babu kamarsa a bushewa daga nan har Goronyo. Ya yi ta magana har tsohon ya gaji. Baba Almu ya shiga ya shafa tayil ɗin da tafin hannu, ya duba rufi, ya duba lunguna, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Babu kaza, babu ɓera, babu mai shiga?"

"Baba, ko ƙuda sai da izinina."

Tsohon ya baza irinsa da kansa, siriri-siriri, tun daga bango har tsakiyar ɗaki. Ya ce a bar ƙofa a buɗe iska ta riƙa ratsawa, gobe bayan la'asar zai dawo ya kwashe. Bai ko lura da baƙin abin da ke lafe a jikin bango ba. Rahinatu ta lura. Bayan ya tafi ta ce wa mijinta a ɗauke Kunkuru a ɗora shi saman kabad, ko a kai shi gidana ya kwana. Maigandi ya yi mata dariyar wanda ya san duniya, ya sa hannu ya zare wayar mazaunin daga bango.

"Na zare mishi wuta. Abin da ba shi da wuta, ƙaƙa za shi tashi?"

In don gaskiya, da ni aka tambaya haka zan ce. A garinmu fanka da talabijin da firji duk da ka zare musu waya sun mutu. Ba wanda ya tuna cewa wannan kwana yake yana cika cikinsa da caji, kuma agogonsa a kansa yake.

Ranar Juma'a aka wayi gari da ruwa, bai ɗauke ba sai hantsi. Ƙasa ta yi laushi ko'ina. Rahinatu ta kora kaji cikin akurki ta tafi gidan suna. Maigandi ya aika wa mutane cewa an ɗage bikin nuna injin saboda wata babbar amana da surukinsa ya ba shi, wanda hakan ya sa jama'a suka fi taruwa. Bayan la'asar muna zaune a kan benci a ƙofar gida sai ga Baba Almu da jakarsa. Ya so ya wuce ciki kai tsaye, Maigandi ya ce atafau sai ya zauna ya sha shayi. So yake kowa ya ga tsohon a ƙofarsa, ya kuma ji abin da ya kawo shi. Yana sanye da farar babbar rigarsa ta Juma'a, yana ba mu labarin yadda ya kwana yana leƙa irin.

Can muka fara jin wani gurnani ƙasa-ƙasa daga cikin gida. Sale ya karkata kai ya tambaya ko mene ne. Maigandi ya ce injin markaɗen maƙwabta ne, ya ci gaba da zancensa. Na duba wayata, biyar ta wuce da kwata. Gurnanin ya ɗan yi nisa, ya dawo, ya ƙara matsowa, har ya shigo zaure.

Sai ga Kunkuru ya leƙo. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai sallama, ya gangaro kan sabon simintin ba ko tangarɗa, ya sauka kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gangarar dai ta yi kyau, wannan ba a hana Maigandi ba. Bayansa kuwa wani baƙin abu ne yake fesowa, yaf-yaf-yaf, yana zuba hagu da dama.

Baba Almu ya ajiye kofin shayi. Ya sunkuya ya dangwali ƙasa da yatsa, ya kai kusa da idonsa. 

Maigandi ya zaro waya ya hau dannawa. Ko me ya taɓa oho, sai injin ya ƙara ƙarfi, ƙararsa ta ninka, feshin ya kai har ƙarƙashin bencinmu. Ya jefar da wayar ya bi shi da gudu. Kunkuru ya ci karo da ƙafar wani ya juya, Maigandi ya juya, babbar riga ta harɗe shi, ya tafi da gwiwa biyu cikin caɓi. Ya rarrafa ya faɗa kansa kamar mai kamun zakara, ya ɗaga shi sama yana neman inda ake kashewa. Da ya juya shi sai akwatin cikin ya buɗe, sauran irin ya zubo masa a ka, ya bi rigar ya gangara ƙasa. Kajin unguwa, da ba wanda ya gayyace su, suka iso a guje. Manyan mutane masu iyali suka tashi da huluna a hannu suna korar kaji, limamin unguwa har da jifa da takalmi. Injin kuma, a hannun mai shi, ya yi wata doguwar magana cikin ladabi ya yi shiru.

Sale ya ce, "Cewa ya kai ya gama aiki."

Ba wanda ya yi dariya sosai, don mun ga Baba Almu ya tashi ya shiga gida. Muka bi shi a hankali. Tsakar gida kaf ta sha feshi, layi-layi, daga bakin rijiya har gindin murhu. Falo kuwa tun da aka gina shi bai taɓa yin tsafta irin ta ranar ba. Babu abin da ya tsira sai na cikin kusurwoyi, inda kewayayyen abu ba ya iya shiga. Tsohon ya durƙusa ya tattara shi da gefen hannu, bai cika tafi ɗaya ba. Ya daɗe a durƙushe yana kallonsa. Na ga leɓensa yana motsi, na kuma ji tausayinsa har cikin raina. Irin ubansa ne, kuma tsoho ne da ba shi da shekarun sake nemo wani.

Maigandi yana tsaye a bayansa, caɓi har gwiwa, baƙaƙen ƙwayoyi a gira da gemu. Ya fara cewa zai tafi Sakkwato gobe ya sayo irin gwangwani na ƙasar waje, wanda ya ma fi wannan. Tsohon ya ɗago ya kalle shi sau ɗaya, maganar ta mutu a nan.

Baba Almu ya fita tsakar gida. Ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza, ya bi layin da ido har zaure, ya fita waje ya dawo. Ya tambaye ni ko rana tana samun wurin da safe, na ce tana samu har azahar. Sannan ya juya ga surukinsa.

"Iri in ya taɓa jiƙaƙƙar ƙasa, an shibka shi. Ba a tsince shi. Nan Allah Yay yi za shi tsira, to nan na gonata. Ka ɗebo rairai ka rufe shi sama-sama, ka kawo ciyawa ka shimfiɗa. Ka kewaye waje da ƙaya. Ban ruwa safe da marece in ba a yi ruwa ba. Kwana arba'in, ba kaza, ba akuya, ba ƙahwar mutum."

Maigandi ya ce ai ranar Litinin motarsu za ta tashi zuwa Kudu.

"Ta sauka lahiya," in ji tsohon.

Haka kuwa aka yi. A ranar, kafin magariba, Maigandi ya yi jigilar rairayi a kwano da ragowar farar rigarsa, muna taya shi. Aka jera bulo daga ɗaki zuwa zaure, mutanen gidan suka koma tafiya ɗaiɗai kamar masu ƙetare rafi. Rahinatu ta mayar da girkinta gidana. Shara kam ta huta da ita a tsakar gida, wannan alkawari ɗaya ya cika. Kunkuru aka mayar da shi kwalinsa aka ɗora saman kabad.

Shi kuwa mai gidan, tun daga fitowar rana yana kan kujera a ƙofar gida da doguwar sanda, a tsakiyar shingen ƙaya. Awakin Wurno ba su taɓa ganin ɗanyen tsiro a bakin titi ba, don haka suka mayar da wurin wajen zuwansu na kullum. Masu babur sukan rage gudu su yi masa sannu da aiki. Sale kan zo takanas ya tambaye shi ko injin gadi bai fito ba tukuna a waya. Maigandi ya yi baƙi ya rame, maganarsa ta ragu. A kwana na takwas da sassafe na ji yana buga mini ƙofa, ya ja ni ya nuna mini wasu 'yan korayen zarurruka da suka huda ciyawa. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne, alhali ba wanda ya hura wuta.

Da kwana arba'in suka cika Baba Almu ya zo da kwanduna biyu. Ya cire dashen da hannunsa, a hankali, yana ɗaurewa dami-dami. Ba duka ya fito ba. Na zaure bai samu rana ba, na bakin rijiya ruwa ya kashe, kaji ma sun ci rabonsu tun ranar farko. Abin da ya samu zai dasa kamar kashi ɗaya cikin uku na gonarsa. Kasuwar shekarar ta wuce shi, amma iri ya tsira, shekara ta gaba zai sake samun 'ya'yan shuka.

Ya ɗaure kwandunan a bayan babur. Maigandi yana gefe da sandarsa, ya kasa haɗa ido da shi. Tsohon ya ɗaga dami ɗaya ya duba saiwar, fara tas, mai ƙarfi.

"Shekara tara da nib ba ka ɗiyata," ya ce, "yau nif fara ganin aikinka da yat tsira. Ranar Laraba za ni dashe. Ka zo Giyawa ka kama mani."

Maigandi ya buɗe baki. Duk muka jira, don mun san abin da ke tafe: zai ce dama da gangan ya yi, shi ne mutum na farko da ya shuka albasa da inji a ƙasar Sakkwato. Na ga maganar ta taso masa har maƙogwaro. Ya kalli dashen, ya kalli tsohon, ya haɗiye ta.

"To, Baba. Ƙarhe nawa?"